Daga Ƙofa Zuwa Benci

Likitan da ya fara ɗora hannuna a kan cikin majinyaci yana da wata ɗabi'a da ke ba malaman ɗakin magani haushi. Duk garin da muka sauka rangadi, tun kafin a sauke akwatunan magani daga mota, sai ya sa a ja tebur da benci a kai su can ƙuryar ɗaki, nesa da ƙofa iyakar yadda ɗakin ya ba da hali. A Rabah sai da aka fitar da wani tsohon kabad waje kafin wuri ya samu. Malamin ɗakin maganin ya yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa, wai mutum ba shi da lafiya kuma a ce sai ya yi tattaki. Likita ya ji shi sarai, ya yi kamar bai ji ba.

Tattakin yake so. Ni nake zama a kujerar gaba, shi kuma ya ɗauki 'yar kujerar tsugunne ya koma bayana, ya jingina da bango. In majinyaci ya ɗaga labule ya shigo, kafin ya iso benci sai in ji murya a bayan kunnena: "Me ka gani?" Bai yarda in jira mutum ya buɗe baki ba. Yadda yake taka ƙasa, da yadda ya riƙe kafaɗa, da inda ya ɗora hannu, su zan fara faɗi.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ne. Ni ɗan Rabah ne, ina cikin 'yan samarin Arewa ƙalilan da aka ɗebo daga makarantar midil aka tura Kano koyon aikin likita. Da karatu ya yi nisa sai aka rarraba mu larduna, kowa ya bi wani likita ya ga aiki da idonsa. Ni aka maido ni gida, aka haɗa ni da wannan bawan Allah. Bayarabe ne, gajere, furfurarsa a gefen kai kawai ta tsaya. Mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya, can ya tashi, don haka Hausa a bakinsa take, sai dai ta Zazzau ce, mutanenmu kan yi murmushi in yana magana. Shi ma yana ramawa, wai mu Sakkwatawa muna haɗiye rabin kalma mu ninka ragowar. In ya wanke hannu ba ya gogewa da tawul, ɗaga su yake yi sama har su bushe, kamar mai addu'a. Tsofaffin mata a Gandi sun sha ce masa amin.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da wasu 'yan littattafai da ake bazawa a tabarma a kasuwar Sabon Gari, sirara, masu takarda kamar ganyen albasa, da hoton budurwa riƙe da fure a bango. A ƙarƙashin matashina nake ɓoye su. Labarinsu kusan ɗaya ne: saurayi ya ga yarinya sau ɗaya ya daina cin abinci, ubanta ya ɗaure fuska, daga baya uban ya faɗa kogi ko gobara ta rutsa da shi, saurayi ya cece shi, uban ya fashe da kuka ya ce ga 'yata na ba ka. Na gaskata su fiye da yadda na gaskata littafin ƙasusuwa.

Shi ya sa amsoshina na farko suka riƙa fita da kwalliya. Wata mata ta shigo a Rabah, Likita ya ce me na gani, na ce, "Na ga mace wadda duniya ta juya wa baya, idanunta cike da wani tsohon baƙin ciki."

Ya ce, "Malam ɗalibi, ba mu ɗauko maganin duniya a akwatinmu ba. Dubi idon sawunta."

A kumbure suke. Ya sa na ja fatar idonta ƙasa, fari fat. Jini ne ya yi mata ƙaranci. A Gandi wani makiyayi ya shigo yana ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar mai tsallake ruwa, na ce ban ga komai ba sai mutum mai taƙama. Likita ya sa ya cire riga, ya ba ni auduga in shafa masa a wani tabo mai haske a gadon baya. Bai ji ba ko kaɗan. Haka na fara gane kuturta tun ba ta taɓa yatsa ba. A hankali idona ya sauko daga sama ya koma kan mutane.

To, akwai wata yarinya a Wurno. Gidansu na jikin gidan gwaggona, a can na fara ganinta tana dakan gabu, wato ganyen albasa da ake dakawa a cura a shanya don miya. Doguwa ce, mai wushirya, bakinta ba ya ajiye magana. Kafin wannan rangadin kawuna ya riga ya kai goron gaisuwa, an karɓa, an ce a bari in ƙare karatu a sa rana. In na je zance nakan fassara mata kalmomin da na haddace daga littattafan nan. Na taɓa ce mata ita ce tauraruwar da ke haska jirgin rayuwata. Ta dube ni ta ce, "Wanga zance daga wace ƙasa yah hito? Jirgin ma ka taɓa shiga, ko na hwaɗama?" Ta yi ta dariya har ta riƙe ciki. Na koma gida ina jin daɗi kamar ta yabe ni.

Tun ranar da aka karɓi goron nan mahaifinta ya zama mutumin da ba ni da ikon kallo. In na hango shi a hanya sai in saki hanyar in bi lungu. In babu lungu, in tuɓe takalmi, in durƙusa, in kafa ido a ƙasa har ya wuce. Shi ma yakan kawar da kai, ya amsa gaisuwa kamar da iska yake magana. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini haka, kuma ba ƙiyayya a ciki ko kaɗan. Girmamawa ce, haka na taso na ga ana yi tsakanin surukai. Manomin albasa ne a fadamar Rima, mutum mai ƙarfi, an ce ba ya bari ɗan ƙwadago ya riga shi jan jigon ban ruwa.

Mun iso Wurno da bazara, ana tsakiyar cirar albasa, gari duk ya ɗauki warinta. Ba mu daɗe da sauka ba wani mahayi ya zo daga uban ƙasar Goronyo, ya ce sanƙarau ya shiga ƙauyukan wajen Giyawa, yara na mutuwa. Likita ya yanke shawara mu duba mutanen Wurno da safe, bayan la'asar mu ɗauki malamin ɗakin magani da duk allurar da ke akwai mu wuce Goronyo.

Hantsi ya dubi ludayi muna cikin aiki, aka ɗaga labule aka yi sallama. Muryar kaɗai na ji, na gane ta mahaifin yarinyar ce. Ban san lokacin da na bar kujera ba, sai ganina na yi a ƙasa, takalmina a gefe, kaina a sunkuye.  Sai na ji ya ce, "Lahiya lau. Na ji an ce baƙi sun sauka, shi na niz zaka gaisuwa. Sannunku da aiki, Likita." Bai ƙaraso benci ba. Labule ya sake motsi, ya fita.

Na koma kujera ina goge zufa. Murya ta zo daga baya, kamar kullum.

"Me ka gani?"

Na ce, "Takalma."

"Wane iri?"

"Fade ne na fata. Na hagu an yi masa faci."

"Madalla, idonka ya yi aiki. Ni kuwa na ga dattijo ya shigo a ranƙwafe, yana buɗe ƙafafu kamar mai ɗauke da ƙwai a tsakaninsu, hannunsa na dama a cikin riga a ƙasan mara. Leɓensa ya bushe, goshinsa na tsatsafo da zufa mai sanyi. Da ya hango ka sai ya miƙe tsaye da ƙyar, ya cire hannun. Wane ne shi a wurinka?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Wato ya zo da ciwo, ya tarar da kai a kujera, ya mayar da ciwon gaisuwa." Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce in matsa, ya karɓi kujerar, ya sallami sauran mutane da sauri irin wanda ban taɓa gani ya yi ba, ya ɗauki jakarsa ya ce in shige gaba in nuna masa gida.

Ɗakin dattijon a jikin zaure yake. Likita ya yi sallama ya shiga shi kaɗai, ni na tsaya a zaure tsakanin buhunan albasa. Katangar ba ta da kauri, ina jin komai. Ashe ya daɗe da ƙaba, hanji kan zurmo masa ta matsematsi, ya kwanta ya mayar da abinsa, ya ɗaure da tsumma, ba wanda ya sani ko matarsa. Da asubar ranar ya ɗaga buhu zai aza wa jaki, abin ya fito ya ƙi komawa, ga amai ya biyo baya.

Na ji Likita yana yi masa bayani a hankali. Ya ce tunda yau abin ya faru, akwai damar a lallaɓa shi ya koma, amma aikin na mutum biyu ne. In ya koma, dole wani ya zauna yana duba cikin safe da rana da yamma, don hanjin da ya shaƙe yakan koma ciki da rauni ya ruɓe daga baya. In kuwa ya ƙi komawa, zai bar masa motar ta kai shi Sakkwato a yi masa aiki, shi ya hau doki zuwa Goronyo. Ko ta wace hanya, ba zai iya zama ba, yara na jiransa. Wanda zai bari shi ne ɗalibinsa.

Dattijo ya ce, "Likita, kai baƙo na. Duba abin da kaka so. Amma yaron ga, a'a."

"Baba, hannuna ne zan bar maka. Ni na koya masa."

"Na ji. Amma ka san mi at tsakanina da shi?"

"Na sani. A garinmu ma in na ga surukina rub da ciki nake kwanciya, da farin wandona da komai."

Na ji dattijo ya yi ɗan sautin dariya, ciwo ya katse ta. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa amma kowace kalma a fili, "To, ku ji. In hannunai ya taɓa ni, zancen ɗiyata ya ƙare. Ba ni zama surukin wanda yag ga tsiraicina. Ba ƙinai nika yi ba, yaron kirki na. Amma ba ni iyawa."

Likita ya fito ya same ni a zaure. Ya zauna a kan buhu, ya ɗora jakar a cinya. Na zaci zai ce in shiga, ko ya ce in tafi. Bai ce ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ka ji da kunnenka. Ba zan tilasta maka ba, kuma in ka ƙi ba zan rubuta maka komai a takardarka ba. Zan san yadda na yi. Amma bari in gaya maka abin da ba su gaya muku a makaranta ba, don su ma ba su sani ba. Ni a nan bango ne. Kowa na iya tuɓe riga a gabana, ba ni da uwa a garin nan ba ni da kawu. Bature ma haka. Kai kuwa ɗan kowa ne. Yau surukinka, gobe malamin da ya koya maka alif, jibi ƙanwar mahaifiyarka. Su aka tura ka karatu dominsu, kuma su ne za su fi jin nauyin nuna maka inda ke musu ciwo. Ni ban san maganin wannan ba. Ku ne na fari, ku za ku nemo."

Ina tsaye ina kallon ƙasa, zuciyata na lissafa abin da jaruman littattafaina za su yi. Sai na ji motsi a ƙofar da ke shiga cikin gida. Ita ce, ta leƙo da rabin fuska, riƙe da ƙwaryar da ta kwashe aman mahaifinta. Ashe ita ma ta ji komai. Na ɗaga kai ina jiran wata magana da zan riƙe har tsufana, irin wadda ake ja wa layi a ƙasa.

Ta ce, "Kai, mi kaka jira? Baba na amai kore, kai kana tsaye kamar jigo. Shiga mana!"

Na tuɓe takalmi na shiga.

Ya ja rawaninsa ya lulluɓe fuska tun kafin in ƙarasa sallama. Likita ya sa na yi masa allurar kashe zafi, muka ɗauko tubala muka ɗaga ƙafafun gadon ta wajen sawu, kansa ya yi ƙasa. Muka jiƙa tsumma da ruwan randa muka ɗora a kan kumburin, muka zauna jira. Likita ya ce rabin aikin jiran ne, a bari jiki ya saki. A cikin ɗakin ba abin da ake ji sai numfashin dattijo da kukan kurciya a kan bedi, wato itacen dogon yaro.

Da lokaci ya yi, Likita ya ce in lanƙwasa masa gwiwa in karkato da ita ciki. Sa'an nan ya kama yatsuna ya ɗora su a wuyan kumburin, ya ɗora nasa a kai. Da Turanci ya riƙa yi mini magana, a hankali, don kada mai ɗaki ya ji ana zancen jikinsa. Ya ce in ji inda ƙofar take. Ya ce wannan hannun jagora ne, wancan ne mai turawa, kuma turawar kada ta fi ƙarfin da zan sa in matsa nunannen tumatir ba tare da ya fashe ba. In ya ƙi, a bar shi, ba a kokawa da hanji.  Can na manta ko jikin wane ne, ba abin da ya rage a duniya sai wannan ƙulli mai tauri da ɗumi a ƙarƙashin yatsuna. Mun daɗe a haka. Sai na ji ya yi laushi kaɗan, ya zame, ya yi ƙara ƙulululu kamar an tsiyaya ruwa daga buta, ya shige. Dattijo ya sauke dogon numfashi a ƙarƙashin rawani ya ce, "Alhamdu lillahi."

Likita ya wanke hannu ya ɗaga su sama. A bakin mota ya jero mini abin da zan riƙa dubawa: bugun jini a wuyan hannu, da amai, da ciki, ko yana da laushi ko ya ƙame kamar allo. Kada a ba shi komai sai kurɓin ruwa. In ciki ya ƙame in tura mahayi nan take. Ya ce abin da ya fi duka shi ne in tabbatar iska ta fita ta ƙasa, wannan ne shaidar hanji ya farka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta yaya zan tambaye shi wannan?"

Ya riga ya sa ƙafa a matakin mota. Ya juyo yana dariya ya ce, "Mi kag gani, mi kaj ji, duk naka ne yanzu, Basakkwace." Mota ta tashi.

Kwanakin da suka biyo baya na kwana gidan gwaggona, ina zuwa safe da rana da yamma. Kullum in na yi sallama sai in tarar rawani ya riga ya rufe fuska. In durƙusa in gaishe shi irin gaisuwar da, sa'an nan in tashi in ɗaga masa riga in danna ciki. Ba ya magana da ni. In zai amsa, bango yake gaya wa: "A hwaɗa ma likita nan babu zahi." Bugun jini ya daidaita, amai ya tsaya, ciki da laushi. Tambaya ɗaya ta rage, na yi ta juya ta a baki na kasa fitarwa. A ƙasarmu babba ya gwammace a ce ya yi sata da a ce an ji ya saki iska, balle yaron da ya kai goro gidansa ya tambaye shi.

Washegarin tafiyar Likita da hantsi na tarar da buta a gefen gado, an kawo masa ya yi alwala ya yi salla daga zaune. Ina kallon butar nan abin ya zo mini. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, alwalar asuba tana nan, ko ta karye?"

Na zaci ya yi fushi. Can ya gaya wa bango, "Ta karye. Ba sau guda ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Na ga rawani yana girgiza. Dariya yake yi. Na fito zaure ina ji kamar in yi tsalle, kuma a ranar na ba da izini a dama masa kunu mai ruwa-ruwa. Da Likita ya dawo daga Goronyo, ya rame, idanunsa sun faɗa saboda rashin barci, na ba shi labari. Ya ce in sake faɗar tambayar yadda na yi ta, ya maimaita ta a bakinsa sau biyu. Daga ranar ita yake yi wa kowane dattijo Musulmi da aka yi wa aikin ciki, kuma in an tambaye shi yakan ce a Wurno ya koyo.

Muka tafi da dattijon Sakkwato a bayan mota, a kan katifa, aka yi masa aiki aka ɗinke ƙofar gaba ɗaya. Ni na riƙe wa Likita ƙarfen buɗa rauni. A duk kwanakin jinyarsa zuciyata a sama take. Na san abin da ya faɗa, amma na ce ai magana ce ta mai ciwo. Ga uba ya faɗa kogi, ga saurayi ya tsamo shi, me ya rage in ba shafin ƙarshe ba? Har na shirya abin da zan ce in ya fashe da kuka.

Ranar da za a sallame shi muka zo zagayen safe, Likita na gaba ina biye. Dattijo na zaune a bakin gado, ya naɗa rawaninsa tsaf a ka, fuska a buɗe. Na fara ranƙwafawa zan durƙusa, sai ya ce, "A'a, tashi." Ya dube ni cikin ido. Ban taɓa sanin idanunsa masu ruwan ƙasa ba ne, irin na 'yarsa. Ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa da hannu biyu, ya girgiza, ya ce, "Likita, na gode. Allah shi yi ma albarka, shi ba ka mace ta gari."

A nan na gane. Suruki ba ya miƙa wa surukinsa hannu, ba ya kallonsa cikin ido. Bai yi fushi ba, bai kuma canza magana ba. Bayan 'yan kwanaki aka aika wa kawuna da haƙuri, cikin mutunci, tare da buhun albasa mafi kyau da aka cire a fadamar a shekarar.

Da muka fito daga ɗakin majinyata ran nan, na tsaya a baranda ina kallon itatuwan bedi, ban san inda zan sa fuskata ba. Likita ya zo ya tsaya kusa da ni. Na zaci zai ba ni haƙuri. Sai ya ce, a hankali, "Me ka gani?"

Na ce, "Rauni ya bushe, babu ruwa. Ido ya washe. Ya tashi tsaye bai dafa gado ba."

Ya ce, "Haka na gani ni ma." Ya dafa kafaɗata, ya bar hannunsa a wurin ya fi yadda ya saba, sa'an nan ya ce akwai mai karaya yana jiranmu.

Na yi rashin lafiyar zuciya irin ta littattafai, ban ɓoye ba, na rame har gwaggona ta fara nemo mini rubutu. Na sha tambayar kaina ko da na tsaya a zaure ranar nan, Likita ya san yadda ya yi kamar yadda ya ce, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Wataƙila. Har yau ban ga laifin dattijon ba, ban kuma ga nawa ba. Abin da muka gada ne ya haɗu da abin da aka koya mini, a ɗaki ɗaya, kuma ɗakin bai ishe su ba.

Da na ƙare karatu aka maido ni wannan yanki. Dattijon nan ya zama mai yi mini talla ba tare da na sa shi ba. Duk tsohon da ke ɓoye wani abu a ƙarƙashin riga, daga Wurno har ƙauyukan Goronyo, shi ke tasa shi gaba ya kawo shi, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Shiga, ba ya hwaɗa ma kowa. Ni ma ya gane ni." In an gama ya zauna a benci ya yi ta zolayata, wai har yanzu ina bin mutane ina tambayar alwalarsu.

'Yarsa kuwa ta auri wani mai rini a nan Wurno. Sau ɗaya ta taɓa zuwa wurina, bayan shekaru, da ɗanta goye a baya. Teburina na can ƙuryar ɗaki, ɗalibina na zaune a kujerar gaba, ni ina bayansa jikin bango. Ta ɗaga labule ta shigo, na bi ta da ido tun daga ƙofa har benci. Ta yi jiki, wushiryar na nan. Tafiyarta lafiya lau. Yaron ne ke jan numfashi da sauri, hancinsa na buɗewa yana rufewa.

Na sunkuya na ce wa ɗalibin, "Me ka gani?"

Kafin ya amsa ta riga shi. Ta ce, "Mi za shi gani daga nan? Ku taso ku duba min yaro, kun zauna kamar masu jiran biki."

Muka taso.